Bagaruwa, bedi da laftof: maganar neman maganin fakat

Duk mai kiwon kaji a ƙasar Katsina ya san abin da hunturu ke shigowa da shi. Iska na fara kaɗawa ƙura ta tashi sai labari ya fara yawo gida-gida, kajin wance sun fara, gidan wane ko ɗaya bai tsira da ita ba. Za ka ga kaza ta raɓe gindin katanga ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, kashinta ya koma ruwa-ruwa kore, tana jan numfashi baki buɗe, wadda kuma ta ɗan yi ƙarko ba ta mutu da wuri ba sai wuyanta ya murɗe kai ya juye ta dinga zagaye wuri guda, ga tsaba gabanta amma ta kasa saita baki ta tsinta. Mu fakat muka taso muka ji ana ce mata, likitocin dabbobi kuma Newcastle suke cewa, don a garin Newcastle na Ingila da tsibirin Java na Indunisiya aka fara gane ta a 1926. Nan Najeriya tun farkon shekarun 1950 aka tabbatar da ita kuma daga nan ba ta sake barinmu ba. Cutar iri-iri ce, akwai mai zafi akwai mai sanyi, in mai zafin ce ta faɗa ma garken da ba a yi ma rigakafi ba tana iya share shi kaf.

Har yau babu wani magani da aka amince da shi wanda za ka ba kazar da ta riga ta kamu ya kashe wannan bairos ɗin a jikinta. Rigakafi akwai, magani ne babu. Kafson ja-da-yalo ɗin nan da ake ɓarewa a zazzaga cikin kaskon ruwa antibayotik ne, bakteriya yake yaƙa, shi bairos ko a jikinshi, iyakaci dai ya ɗan tare wasu cututtukan da ke biyo baya in kaza ta raunana. Sai kuma abin da muka gada, a daka barkono a zuba a ruwa, a jiƙa ɓawon maɗaci ko na hano, a murza ganyen bedi wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, a fasa gautan kaji, wasu bagaruwa wasu tafarnuwa. Ni wallahi ban taɓa kallon wannan a matsayin shirme ba. Matar da kajinta su ne asusunta, su ne kuɗin sabulu da littafin yara da abin yanka ma baƙo, ba za ta naɗe hannu tana kallo suna faɗuwa ba, dole ta nemi abin da ke kusa da ita. Tambayar kawai ita ce, cikin waɗannan itatuwan akwai wani abu da ke taɓa bairos ɗin da gaske ko babu? Kuma wannan tambaya ce da ilmi zai iya amsawa in aka bi ta har ƙarshe.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne ɗiyar yayata da ke ajin ƙarshe a sashen bayokemistiri, furojet ɗinta a kan wannan ne, tantance sinadaran itatuwa da kwamfuta don ganin wanne zai iya tare bairos ɗin fakat. Gidana take zuwa ta yi aikin saboda sola, ni kuma malamin kemistiri ne a sakandare ga 'yan kajina a bayan gida, tau ka ga abin ya haɗo mani biyu. Yanzu irin wannan binciken ya yi yawa ƙwarai a tsakanin ɗalibanmu, kuma dalilin a fili yake, ba ya buƙatar sinadaran lab masu tsada, laftof da data da caji sun isa a fara. Ina murna da haka sosai. Amma akwai inda nake jin tsoro, zan zo wurin.

Bari in fara da yadda aikin yake. Bairos ɗin fakat manyan furotin shida ne suka gina shi, amma guda biyu da ke bisa fatarshi su aka fi sa ma ido. Na farko ana ce mashi HN, shi ne ke maƙalewa jikin ƙwayar halittar kaza ta hanyar kama wani sinadari mai dangin sukari da ke samanta, sannan in sabbin bairos sun ida haɗuwa a ciki sun fito shi ne dai ke yanke su daga jikin ƙwayar su tafi su kama wasu. Na biyu F, shi ke haɗe fatar bairos da fatar ƙwayar halitta ya buɗe hanyar shiga. Kuma wannan F ɗin ne ke raba mai zafi da mai sanyi, don sai an datse shi gida biyu kafin ya fara aiki, na mai sanyi a hanyar numfashi da hanji kaɗai ake samun abin da zai datse shi, na mai zafi kau kusan ko'ina a jiki ana samu, shi ya sa yake kaiwa har ƙwaƙwalwa ka ga wuya ya murɗe.

A jikin HN akwai wani ɗan rami inda yake kama wancan sinadarin na jikin kaza. Ka ɗauki ramin a matsayin kwaɗo, sinadarin kuma makullinshi. In aka samu wani makulli daban da zai shige ramin ya cije ya ƙi fita, na gaskiyar ba zai samu wurin shiga ba, bairos ya rasa abin kamawa. Aikin kwamfuta shi ne ta ɗauko makullai ɗaruruwa ko dubbai ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta juya kowanne ta kowace fuska cikin ramin, ta ba shi maki gwargwadon yadda ya zauna. Wannan shi ne gwajin dacewa da ake ta magana.

Kuma duk kayan aikin kyauta ne, wannan ne abin da ya fi burge ni. Siffar furotin ana sauke ta daga wani rumbu a intanet da ake kira Protein Data Bank, tun 1971 aka kafa shi kuma yanzu siffofin da ke ciki sun haura 200,000. Siffar HN ta bairos ɗin fakat tun shekarar 2000 masana suka fitar da ita. Sinadaran itatuwa kuma ana samun su a rumbun PubChem na gwamnatin Amurka, akwai ma rumbunan da aka ware ma sinadaran tsirran Afirka zalla waɗanda masana daga jami'ar Buea ta Kamaru suka taka rawa wurin haɗa su. Manhajar da ta fi yawa a hannun ɗalibai ita ce AutoDock Vina wadda ta fito daga cibiyar Scripps ta Kalifoniya a 2010, da yawa ta cikin wata manhajar mai suna PyRx suke tuƙa ta don ya fi sauƙi. In furotin ɗin da kake so ba a fitar da siffarshi ba akwai AlphaFold da ke hasashen siffa daga jerin sinadaran da suka gina shi, aikin da ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga samun kyautar Nobel ta kemistiri a 2024 tare da David Baker. Yarinya tana zaune bisa tabarma a Ƙofar Marusa tana aiki da kayan da masana a Turai ke aiki da su. Da can ko a mafarki.

Na zauna gefenta na kalla. A fuskar laftof ɗin furotin ɗin ya fito a murɗe-murɗe launi-launi, tana jan shi da yatsa yana juyawa, ta zana ɗan akwati a daidai ramin don ta nuna ma manhaja inda za ta nema, ta loda sinadaranta na bagaruwa da bedi da zogale da albasa, ta danna. Fankar laftof ta ɗauki kuka, layi ya dinga cikowa sannu-sannu, can sai ga tebur ya fito, kowane sinadari da lambarshi a gaba mai alamar ɗebewa, yawanci tsakanin -5 da -10 irin wannan makin ke faɗawa kuma wanda ya fi nisa ƙasa shi ne ake cewa ya fi kamawa. Ta nuna mani na sama fuskarta cike da murna ta ce, "Kawu ka gani, wannan na bagaruwa ne, ya ma fi maganin da na sa don kwatance." Na ce, "Madalla ɗiyata, Allah ya yi albarka, tau daga nan sai ina?" Ta ɗan yi shiru ta ce, "Kawu ai nan furojet ɗin ya tsaya, kuɗin lab ba mu da shi."

Wannan amsar ta tsaya mani a rai, don ba laifinta ba ne kuma ba ita kaɗai ba ce.

Hanyar kanta ba ƙarya ba ce, kar wani ya fahimce ni a baibai. Maganin mura da ake kira zanamivir haka aka samo shi, masana a Ostareliya suka kalli siffar ramin wani furotin na bairos ɗin mura suka yi amfani da kwamfuta suka tsara sinadarin da zai cika shi, aka bayyana aikin a 1993, aka amince da maganin a 1999, kuma aikin da wancan furotin ke yi irin na HN ne wurin yanke sabbin bairos su tafi. Ta ɓangaren itatuwa ma ba a rasa hujja ba. Tamiflu, wani maganin murar, an daɗe ana haɗa shi daga wani sinadari da ake cirowa a cikin wani kayan ƙamshi na Sin mai siffar tauraro. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu tushenshi artemisinin ne, daga wani tsiro dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta samu Nobel a kanshi a 2015. Amma ka lura daga 1993 zuwa 1999 shekara shida ce, kuma duk ta tafi ne a gwaji bayan gwaji a jikin abu mai rai. Kwamfuta ta nuna inda za a duba, sauran aikin hannu ne ya yi shi.

Tau ga inda makin nan ke da rauni. Waɗanda suka rubuta Vina da kansu sun faɗi cewa kuskuren lissafinta ya haura maki 2, yana neman 3. A kemistiri kuma bambancin maki 1.4 kacal na nufin ninki goma a ƙarfin kamawa. Kenan in wani sinadari ya ci -8.4 wani ya ci -7.9, babu wanda zai iya rantsuwa cewa na farkon ya fi, bambancin ya nutse cikin kuskuren manhajar. Amma sai ka ga an jera su na ɗaya na biyu na ukku har an yi ma na ɗayan kirari a babin ƙarshe. Sannan manhajar na da son manyan sinadarai, duk wanda ya fi girma ya fi samun wuraren da zai taɓa jikin furotin sai makinshi ya hau, ko da a zahiri ba abin da zai tsinana.

Batun bagaruwa ma nan ya fi jan hankalina. Bagaruwa cike take da sinadarin tanin, abin da ke sa bakinka ya yi bauri in ka tauna ta, kuma shi ne dalilin da ya sa majema ke jima da ita, don tanin na kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi ya hana shi ruɓewa. Kowane furotin ya samu kamawa yake, bai zaɓe. Tau in kwamfuta ta ce tanin ya kama HN ba wani sabon labari ba ne, zai kama HN, zai kama furotin ɗin dusar da kaza ta ci, zai kama na bangon hanjinta, shi ya sa ma masana abincin kaji ke gargaɗi a kan yawan tanin don yana rage cin moriyar abinci kaza ta ƙi girma. Haka sinadarin kwasetin da ke cikin albasa da zogale, kusan duk binciken irin wannan da ka buɗe kowace cuta ce za ka iske shi a sahun gaba, har masana haɗa magunguna suka sa shi cikin sinadaran da ake taka-tsantsan da su don sun cika ba da sakamako mai kyau na ƙarya. Ba wai ba shi da amfani ba ne, a'a, amma fitowarshi a saman tebur bai isa a yi shela ba.

Akwai kuma cewa a cikin wannan gwajin furotin a sandare yake, alhali a jikin kaza motsi yake cikin ruwa da gishiri da zafin jiki da ya kai wajen digiri 41. Masu ƙoƙari na ƙarawa da wani gwajin na motsi da manhaja irin GROMACS, su ga ko sinadarin zai zauna ko zai fice, kuma yawanci nanosakan 100 ake gwadawa, wani ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙa wanda duk da haka laftof na gida sai ya yi kwanaki yana niƙa bai ida ba. Daga nan a wuce wani shafin intanet mai suna SwissADME a duba ƙa'idar Lipinski ta 1997 mai auna ko sinadari zai iya zama maganin haɗiya, nauyin sinadari kar ya wuce 500 da sauransu, a rubuta cewa ya ci jarabawa. Amma wannan ƙa'idar daga magungunan da ɗan Adam ke haɗiya aka ciro ta. Kaza tana da maƙoƙo da ƙundu, abinci na ratsa cikinta cikin 'yan awoyi, hantarta na sarrafa abu yadda ta ga dama. Sinadarin da ya zauna daram a ramin HN cikin kwamfuta sai ya tsallake hanji, ya tsallake hanta, ya shiga jini da yawan da zai isa, ya kai huhu da saifa da ƙwaƙwalwa inda bairos yake, kuma kwasetin ɗin nan an san kaɗan ne daga cikinshi ke shiga jini a yadda yake, yawanci jiki ya riga ya canza shi.

Wani abin da ban cika ganin ana kula da shi ba shi ne wane bairos ɗin ma ake gwadawa. Siffar HN da aka fara fitarwa ta wani iri ce da aka samo a Kansas ta Amurka. Irin da ke kashe mana kaji a Najeriya da maƙwabta kuma bincike ya nuna yawanci rukuni na 14 da 17 da 18 ne. Asalin ramin bai cika canzawa ba, gaskiya ne, amma tunda jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin da aka samo a Najeriya na nan a rumbun intanet na GenBank kyauta, me zai hana ɗalibi ya ɗauko namu ya gina siffarshi ya gwada a kai? Ko ba komai aikin ya zama namu, ba maimaicin abin da wani ya riga ya yi a Indiya ko Masar ba. Kuma kafin a yarda da kowace lamba, a fara cire sinadarin da aka iske cikin ramin tun asali a ce ma manhaja ta mayar da shi, in ta kasa mayar da shi inda yake tau saitin ne bai yi ba, duk abin da ya biyo baya ba abin dogaro ba ne.

Matakin da ke biye ba wani abu ne da ya fi ƙarfinmu ba, wannan ne ke ci mani rai. Bairos ɗin fakat a cikin ƙwai ake rainonshi. Ana samun ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11, a shiga ɗaki mai duhu a haska shi da tocila, za ka ga jijiyoyin jini sun bazu ja-ja a cikin ɓawo da ɗan duhun tsakon yana motsi, a yi alama da fensir, a huda ɗan ƙaramin rami a tsira allura a zuba bairos, wasu ƙwan shi kaɗai wasu tare da sinadarin da ake gwadawa wasu kuma sinadarin zalla don a ga ko shi kanshi guba ne, a liƙe ramin a mayar injin ƙyanƙyasa. Bayan 'yan kwanaki a ɗebo ruwan cikin ƙwan a haɗa da jan jinin kaza a faranti mai ƙananan ramuka. In bairos ya hayayyafa HN ɗinshi zai harhaɗe ƙwayoyin jinin su bazu, in bai hayayyafa ba jinin ya taru ƙasa ya zama ɗigo guda ja, da ido ake gani. Tsohon gwaji ne da likitocin dabbobi suka daɗe suna yi, ana yin shi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Filato, da tsangayoyin likitancin dabbobi irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Mai zafin dai ba a wasa da shi sai a lab ɗin da aka tanada don kar ya fita ya yi ɓarna, amma gwajin farko ana iya yin shi da irin mai sanyi na rigakafi kamar LaSota. Da ɗalibin kemistiri a Katsina ko Dutsinma zai haɗa kai da ɗalibin likitan dabbobi a Zariya, wannan ya kawo sinadarai biyar da kwamfuta ta zaɓa wancan ya gwada su a ƙwai, da furojet biyu sun zama aiki ɗaya mai ma'ana. Ko sakamakon ya nuna babu abin da ya yi aiki, ai an ƙaru, an san inda ba za a sake ɓata lokaci ba.

Yanzu ga tsoron da na ce zan zo kanshi. Takarda na fitowa da take mai cewa sinadarin itace kaza ya nuna alamar iya tare bairos a gwajin kwamfuta, kafin ta iso WhatsApp ta koma masana sun gano zogale na maganin fakat, kafin ta isa ƙauye ta koma ba sai an yi rigakafi ba. Wadda za ta biya kuɗin wannan kuskuren ita ce gwaggo da ke Mashi ko Mai'adua mai kaji goma. Kuma abin na da saurin shiga rai don kowa na da labarin kazar da ya ba barkono ta tashi. Ta tashi ɗin, ba musu, amma wataƙila irin mai sanyi ne ya kama ta, wataƙila ta taɓa haɗuwa da cutar bara jikinta ya san ta, wataƙila ma ba fakat ba ce. Sai an raba kaji gida biyu an ba waɗannan an hana waɗancan sannan za a san ko barkonon ne. Ko da an dace an samu magani na gaske ma akwai sauran tambayoyi, nawa zai tsaya ma mai kaza, zai rage a ƙwai da nama ya shiga cikin mutane ko a'a, kuma bairos zai saba da shi ko a'a, don an ga yadda bairos ɗin murar tsuntsaye ya daina jin maganin amantadin a wuraren da aka dinga zuba ma kaji shi a ruwa.

Saboda haka mai kaji, dan Allah ki riƙe rigakafi. Akwai I-2 wanda aka samar a Ostareliya musamman don kajin ƙauye saboda ya fi jure zafi, Vom na yin shi, ɗigo guda ne a ido, kaza babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita duk wata huɗu, kuma a daidaita ɗaya ya faɗo kafin hunturu ya shigo ba sai an ji maƙwabta sun fara ba. Jure zafin ba ya nufin a aje shi a rana, a nemi sanyi da inuwa a naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle in za a yi tafiya. Masu gidan gona da ke ba da LaSota a ruwa su kau sun san sai da ƙanƙara a fulas daga shago har gida, kuma ruwan kar ya zama mai kulorin. Kazar da ta riga ta kwanta ba a yi mata rigakafi, ware ta ake. Wadda aka sawo kasuwa ko aka kawo kyauta a killace ta sati biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kar a jefa bola karnuka su ja ta unguwa. Sai babbar matsalarmu, da an ga sun fara sai a kwashe sauran a kwando a nufi kasuwa a sayar da araha kafin su mutu, na san talauci ne ke sa haka kuma ban ga laifin mai neman tsira da ɗan abin da ya rage ba, amma ta nan cutar ke tsallakawa daga gari zuwa gari. In kuma mutuwar ta zo farat ɗaya da yawa, ƙora da ƙafafu suka yi shuɗi-shuɗi, a kira likitan dabbobi kar a yanka, don murar tsuntsaye na kama da fakat a ido kuma ita tana iya kama mutum ta kashe, mun ga shigowarta a watan Fabrairun 2006 lokacin da aka tabbatar da ita a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko da aka ga irinta mai suna H5N1 a Afirka.

Su kuma ɗalibanmu, abin da na faɗa ma ɗiyata shi zan faɗa maku. Kafin ku buɗe PubChem ku fara zuwa gidan kakanninku da littafi da biro. Ku tambayi Inna wane sashe na maɗaci take jiƙawa, ɓawon gindi ko na reshe, ɗanye ko busasshe, kwana yake a ruwa ko dafawa ake, nawa take sawa a kasko, kafin cutar ta shigo take ba su ko bayan sun kwanta, don tafasa kaɗai na iya lalata wani sinadarin ta fito da wani, kuma sinadarin allisin na tafarnuwa ma ba ya samuwa sai an daka ta. Sannan ku tsinko ganyen da furen da 'ya'yan ku kai sashen nazarin tsirrai a tabbatar maku da sunanshi na kimiyya, saboda abin da ake kira gautan kaji a wannan garin ba lallai shi ne ake nufi a wancan ba, kar ku je ku sauke sinadaran wani tsiro daban ku kwana kuna gwadawa. Ita dai ta ce da an yi hutu za ta je Daura wurin kakarta ta wajen uba ta fara da nan, ni kuma na ɗauki alkawarin kuɗin mota da na ƙwan gwaji in Allah ya sa ta samu wanda za su haɗa aikin a Zariya.